Fashin baƙi: Wayar da ke hannun malamar asibiti, sani take kawowa ko asiri take tonawa?

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a ƙaramin asibiti a Baure ko Mai'adua ko Ɗanmusa ya san wannan yanayi. Ana cikin tashin hankali, mai jego na zubar da jini ko yaro na sanƙarewa, sai a ga malamar asibiti ta ciro waya tana latse-latse. 'Yan jinya da dama kan ɗauka hira take yi. Sau da yawa kuwa tambaya take tura wa likita ko babbar ungozomar da ke Katsina ko Daura, domin babu wanda ya fi ta sani a cikin ginin a wannan daren. Sai dai ƙorafin jama'a ba a banza yake ba, tunda an sha ganin hoton marar lafiya, da fuskarsa da komai, yana yawo a wayoyin mutanen da ba ruwansu da asibiti. To shin wannan musayar sani ta waya alheri ce ga marar lafiya ko haɗari? Amsar tana ga yadda aka tsara abin, kuma tsarin ne mafi yawanmu ba mu kula da shi ba.

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa

Na farko shi ne duba marar lafiya daga nesa, inda likita ke magana da shi kai tsaye ta waya ko bidiyo. Ba shi ne batunmu ba.

Na biyu aika alƙaluma zuwa sama. Kowane wata asibitoci na tattara yawan waɗanda suka zo awo, da haihuwa, da rigakafi, a shigar a manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira. Akwai kuma SORMAS, da aka samar bayan annobar Ebola ta 2014, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da jami'an sa ido kan cututtuka na ƙananan hukumomi ke bibiyar ɓarkewar cuta da ita. Waɗannan suna kai labari sama, amma da wuya su dawo wa ma'aikacin ƙauye da darasi.

Na uku shi ne abin da ake magana a kai: ma'aikaci ya tambayi ma'aikaci, ko babba ya koyar da na ƙasa, ko a isar da sabuwar ƙa'idar magani ga kowa a rana ɗaya. A nan ne zaurukan WhatsApp, da darussan Zoom, da manhajojin da ake saukewa a waya suke shigowa.

Abin da ya jawo buƙatar

Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, amma ƙwararrun likitoci sun fi taruwa a babban birni: Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa. Daga Daura zuwa Katsina tafiyar kimanin kilomita 80 ce, daga Funtuwa kuwa ta kusa 200. Ga kuma ƙaurar likitoci zuwa ƙetare. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta amince da manufar sauke wasu ayyuka ga ma'aikatan lafiya na matakin farko, irin waɗanda makarantun koyon aikin lafiya na Kankia da Daura ke yayewa. An ɗora masu nauyi, dole kuwa a samar masu hanyar tambaya.

Babban dalili kuma shi ne ilimin lafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. A da, allurar artesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce ga kowane kilo na nauyin jiki, babba da yaro. Daga 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 ga kowane kilo. Wanda ya gama makaranta kafin nan, idan ba wanda ya isar masa, zai ci gaba da tauye wa ƙananan yara magani ba tare da ya sani ba.

Haka batun zubar jini bayan haihuwa. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Ya nuna cewa idan aka auna jinin da leda mai ma'auni maimakon ƙiyasin ido, sannan aka haɗa matakai a lokaci guda, wato murza mahaifa, da allurar oksitosin, da traneksamik asid, da ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fita, mummunan sakamako na raguwa da kusan kashi 60 cikin 100. Irin wannan sani bai kamata ya jira taron bita na otal ba, inda ake gayyatar mutum biyu daga ƙaramar hukuma a ce su koma su koyar da saura. Kowa a fagen ya san yadda wannan koyarwar ta biyu take ƙarewa: kwana biyar na bita su koma bayanin minti ashirin a ƙarƙashin bishiya.

Yadda ake tura tambayar da za ta amsu

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Saƙo irin "Salam, muna da mai ciki tana jijjiga, me za mu yi?" yana cinye minti goma sha biyar na tambaya da amsa kafin likita ya gane halin da ake ciki. Tambaya mai kyau tana ɗauke da abu huɗu a jere: abin da ke faruwa yanzu, tarihin da ya shafe shi, abin da aka auna da abin da aka riga aka yi, sannan takamaimiyar buƙata. Ga misali:

"Mace, shekara 19, cikin fari, wata 9. An kawo ta ƙarfe 2:10 na dare, ta yi jijjiga sau 2 a gida. Awon jini 170/115, bugun zuciya 104, numfashi 20, fitsari ya nuna furotin. Bakin mahaifa santimita 4, zuciyar jariri 140. Ƙarfe 2:25 mun ba ta magnesiyam salfet, giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu. Ba mu da haidiralazin, muna da nifedifin. Babban asibiti tafiyar minti 50 ne, mota na nan. Mu ba ta nifedifin kafin mu taso?"

Babu suna, babu unguwa, babu lambar kati, amma likitan da ya farka daga barci zai iya amsawa da layi biyu. A lura an faɗi abin da babu a kabad, wato haidiralazin, wanda shi da nifedifin magungunan saukar da hawan jini ne. Shawarar da aka gina kan maganin da ba ya nan ɓata lokaci ce.

Akwai wasu ƙa'idoji da suka cancanci a kafe su a saman kowane zaure. Adadin magani a rubuce ake tura shi, ba da saƙon murya ba, domin "sha biyar" da "hamsin" a bakin Turanci suna kama da juna, balle a cikin hayaniyar ɗakin haihuwa. A rubuta sunan maganin, da adadin, da hanyar bayarwa, da tazarar lokaci. Wanda ya karɓa ya maimaita abin da ya fahimta kafin ya zuƙi allura. Idan yaro ne, nauyinsa na cikin saƙon farko, ba shekarunsa kaɗai ba. Yaron da tamowa ta kama yana iya zama ɗan shekara uku da nauyin ɗan shekara ɗaya. Sannan a shigar da shawarar a fayil ɗin marar lafiya, da sunan wanda ya bayar da lokacin. Abin da ya tsaya a waya kaɗai, ma'aikacin da zai karɓi aiki da safe ba zai gan shi ba.

Idan abin gaggawa ne, kira ake yi. Saƙo na iya kwana da alamar shiga guda ɗaya. Zauren da ba shi da jadawalin wanda ke kan aiki a kowane dare, da lamba ta biyu idan ta farko ba ta shiga ba, to mutum ɗari ne ke kallon tambaya kowa na jiran wani ya amsa.

Hoto ma da nasa ladabin. WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau, don haka hoton ƙirji ko na gwaji a tura shi da zaɓin HD ko a matsayin takarda. A ɗauke shi a jikin farin haske ba tare da walƙiyar kyamara ba. Idan gyambo ne ko ƙuraje, a ajiye ma'auni a gefensa don a san girmansa. Tun da mashaƙo ya ɓarke a jihohin Arewa daga ƙarshen 2022, har da Katsina, hoton maƙogwaro mai kyau ya zama abin da ke sa a gane farar fatar nan da ke mannewa, a killace yaron, a guji kankare ta, a kuma sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma nan take. Amma hoto ba ya maye gurbin ɗaukar samfur zuwa ɗakin gwaji.

Darasin mako-mako

Tsarin da ya fi shahara a duniya shi ne ECHO, wanda Dakta Sanjeev Arora ya fara a 2003 a Jami'ar New Mexico ta Amurka domin ciwon hanta nau'in C. Ƙwararru suna zama a cibiya ɗaya, ƙananan asibitoci su shigo ta bidiyo. Ana yin gajeren darasi na kamar minti 15, sauran lokacin kuma ma'aikatan karkara ne ke gabatar da matsalolin da suka gamu da su, a tattauna. Sirrinsa ke nan: ba lacca ba ce, kuma na ƙauye yana koya wa na birni abin da ke yiwuwa inda babu wuta, babu bankin jini.

Mai son kafa irinsa tsakanin Daura da Zango da Sandamu ya lura da abubuwa kaɗan. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Bidiyo na iya cin rabin giga zuwa giga ɗaya a awa, don haka kowa ya kashe kyamara in ban da mai magana, ma'aikatan asibiti ɗaya kuma su taru a kan waya ɗaya da ƙaramar lasifika. A kauce wa ranar rigakafi, da ranar awo, da ranar kasuwar garin. A yi da Hausa a inda ta fi isar da saƙo, a bar sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali. Bayan an tashi, a tura taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya ga wanda sabis ya hana shiga. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, na neman makin ƙarin ilimi kafin likita ya sabunta lasisi, haka ma hukumar nas-nas da ungozoma, saboda haka idan aka yi wa darasin rajista ya zama yana ba da maki, halarta za ta ɗore.

Abin da bidiyo ba ya koyarwa shi ne hannu. Farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba, ko ɗinkin ƙari, ko cire mabiyiya, sai an yi a jikin mutum-mutumin koyo, ƙarƙashin idon wanda ya iya.

Maganar sirri

Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da jinyarsa sirri ne. Sassan da ke biye sun halatta ma'aikaci ya nuna wa wani ma'aikacin idan don amfanin marar lafiyar ne, sun kuma ce koyarwa da bayanansa na buƙatar izini, sai fa idan an cire duk abin da zai sa a gane shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu tsananin muhimmanci, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka samu fallasar da za ta iya cutar da mutane.

Mutane kan ce ai WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya. Gaskiya ne, amma ba a hanya asiri ke tonuwa ba, a cikin wayar ne. Hoton ya sauka cikin ma'ajiyar hotuna, yaro ya ɗauki wayar yana wasa, ko a kai ta gyara, ko a sayar ba a goge ba. Matakan kariya ba su da wuya: a kashe saukar hotuna kai tsaye a zauren aiki, a sa wa waya da manhajar makulli, a kashe alamar wuri a kyamara domin hoton da aka tura a matsayin takarda yana tafiya da ita, a rufe sunan da ke saman takardar gwaji, a goge hoton da zarar an gama. Shugaban zaure ya riƙa tace mambobi duk wata uku. Ɗalibin da ya gama sanin makamar aiki da wanda aka yi wa canjin wuri su fita.

Cire suna kaɗai ba ya wadatarwa a ƙaramin gari. "Amaryar mai unguwa da ta haifi tagwaye ranar Juma'a" ta fi suna bayyana mutum. Tsagar fuska, da zanen lalle, da zobe duk suna tona asiri. Ni dai a ganina, al'aurar mace ko fuskar yaro bai kamata su shiga zauren mutum ɗari ba ko da an nemi izini. A tura wa mutum ɗaya da zai ba da shawara.

Inda ɓarna ke shigowa

Mafi yawan kuskure daga saƙon da aka yi ta turawa yake, wanda ba shi da kwanan wata, ba a san wanda ya rubuta ba. Maganinsa a samu mutum ɗaya ko biyu masu alhakin tantancewa, a kuma ware wuri guda da shugabanni kaɗai ke iya sa abu, inda za a ajiye ƙa'idojin Ma'aikatar Lafiya, da sanarwar NAFDAC kan jabun magunguna, da littafin umarnin aiki na ma'aikatan matakin farko. Idan sabon bugu ya fito, a cire tsohon. Zauren da gaisuwar Juma'a da tallar atamfa da siyasa suka cika, tambayar gaggawa nutsewa take yi; a buɗe wa zumunci nasa daban.

Sabon baƙo shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT da Meta AI. Suna da amfani wajen taƙaita doguwar takarda ko shirya darasi, amma suna iya kawo adadin magani na kuskure cikin harshe mai gamsarwa. Kada a zuba masu bayanan marar lafiya, kada kuma a yi allura da amsarsu ba a duba littafi ba.

Haɗarin da ya fi tayar da hankali shi ne shawarar waya ta zama dalilin jinkirta tura marar lafiya gaba. Mai doguwar naƙuda da ke buƙatar tiyata ba ta da abin da waya za ta yi mata, in ban da a sanar da babban asibiti su shirya ɗakin tiyata da jini kafin motar ta iso. A nan ake samun saɓani tsakanin ma'aikata. Wasu likitoci na ɗari-ɗari da ba da shawara kan wanda ba su gani da ido ba, suna tsoron a ɗora masu laifi, suna kuma ganin abin na ƙarfafa wa ƙananan ma'aikata gwiwar wuce iyakarsu. Na karkara kuma na cewa ko an amsa ko ba a amsa ba, marar lafiyar na gabansu, hanya kuma ba ta biyuwa da dare a wasu yankunan. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, shi ya sa ya kamata hukumar kula da lafiya a matakin farko da hukumar asibitoci su rubuta ƙa'ida: wa zai tambaya, wa zai amsa, cikin minti nawa, kuma waɗanne alamomi ne ba a tattaunawa a kansu sai dai a taso.

Jami'an walwala, waɗanda ake mantawa da su

Kusan duk zaurukan nan na likitoci da nas-nas ne. Jami'in walwalar jama'a ba ya ciki, alhali rabin matsalar a gida take. Yaron da awon damtsensa ya gaza santimita 11.5 an ba shi abincin tamowa ya farfaɗo, bayan wata biyu ya dawo, saboda ba wanda ya bincika ko ana raba abincin da 'yan'uwansa ko ana sayarwa don a sayi hatsi. Matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, cibiyar da Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana aiki, tana buƙatar wanda zai bi ta gida, ya tabbatar cikinta na gaba a asibiti za ta haife shi. Ita ma ungozomar ƙauye ya kamata ta san cewa sabon yoyo, idan ƙarami ne, yana iya warkewa da robar fitsari ta makonni in an sa da wuri.

A shari'ar fyaɗe, lokaci ne komai: maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 ake fara shi. Idan jami'in walwala ko ɗan Hisba ko ɗan sanda bai san wannan ba, sai a ɓata kwanakin wajen sasanci. Amma irin wannan batu ba na zaure ba ne sam. Abin da za a raba a fili shi ne sanin matakai da lambobin waɗanda za a kira. Labarin yarinyar kuwa tsakanin mutum biyu ko uku da ke riƙe da shi zai tsaya.

Sabis, caji da kuɗin data

A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari. Duk tsarin da ya dogara ga intanet kaɗai ya tsaya cik na tsawon watanni. Darasin shi ne a fifita abin da ke aiki ba tare da sabis ba, kamar manhajar Safe Delivery ta ungozomomi da ake saukewa sau ɗaya, da takardun da aka ajiye a cikin waya, da kuma kwafin takarda a manne a bango. Jadawalin magnesiyam salfet, da alamomin da ake dubawa kafin a maimaita shi, wato numfashi, da motsin gwiwa, da yawan fitsari, bango ya fi dacewa da su.

A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Yawancin ma'aikata da wayarsu da kuɗinsu suke wannan hidima. Asibitin da ya ware waya ɗaya ta aiki, da layi biyu na kamfanoni daban-daban, da cajin sola, ya magance matsala biyu: kuɗi, da kuma tafiyar hotunan marasa lafiya gidajen ma'aikata.

Abin da ya shafi ɗan jinya

Idan tsarin ya tafi daidai, iyali na tsira daga kuɗin motar da ba dole ba, wanda kuma dole ne a tura shi yana isa a tarar ana jiransa. A garuruwan iyaka irin Kongolam da Magama, inda ake zuwa da katin asibitin Nijar rubuce da Faransanci, hoto ɗaya zuwa ga abokin aiki mai jin harshen yana hana a maimaita maganin da aka riga aka sha.

Ɗan jinya yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: "Malama, wa za a tura wa hoton nan, kuma za a goge shi?" Yana da haƙƙin ya ce a rufe fuska, ko ya ƙi gaba ɗaya, ba tare da an fasa duba marar lafiyarsa ba. Idan aka ce a wuce babban asibiti, ya nemi takardar turawa mai ɗauke da magungunan da aka bayar da lokacin da aka bayar, ya kuma tambaya ko an kira can an sanar da su. Wanda ya ga hoton ɗan'uwansa na yawo, ya adana shaidar, ya kai ƙara ga shugaban asibitin a rubuce, in bai gamsu ba ya wuce ga hukumar da ta ba ma'aikacin lasisi ko hukumar kare bayanai ta ƙasa.